Ba Kowane Girman Kai Ne Ake Kira "Hubris" Ba



Akwai wata kalmar Turanci da ta yi kaka-gida a bakin masu sharhi a 'yan shekarun nan, wato "hubris". Duk mai duba jaridun Turanci na ƙasar nan ya sha cin karo da ita, musamman idan wani ɗan siyasa ya faɗi zaɓe ko wani babban kamfani ya durƙushe. 'Ya'yanmu masu karatun adabin Turanci a sakandare suna haddace ta saboda jarrabawa. Yanzu kuma ta gangaro cikin muhawarorinmu na Facebook da WhatsApp, inda za ka ga an jefi mutum da ita don kawai ya faɗi ra'ayinsa ba tare da rawar murya ba. Mu da muke zaune a kudu, inda Turanci ne harshen ofis da na takarda da na zama da hukuma, dole mu san nauyin kalma kafin mu ɗauke ta. Ra'ayina shi ne yawancin masu amfani da wannan kalma suna harba ta inda ba nan aka nufa da ita ba. An ƙera ta ne domin mai ƙarfi da mai iko, mu kuma na ƙasa muka fi jifa da ita.

Mu fara da yadda ake amfani da ita. Ana furta ta kamar "hiyubris". Ƙamus na fassara ta da girman kai ko yarda da kai da ya wuce kima. Suna ce, kuma ba a yi mata jam'i, kamar dai yadda ba a ƙirga haƙuri ko hankali. Idan mutum ko aikinsa kake son siffantawa, sai ka ce "hubristic". Babban abin lura shi ne ba ta taɓa zama yabo. Kalmar "pride" tana da fuska biyu: uba zai iya amfani da ita a kan 'yarsa da ta gama jami'a, ma'ana yana alfahari da ita, kuma babu laifi a ciki. "Arrogance" kuwa hali ne da ake gani a fuska da magana, hura hanci da yi wa mutane kallon banza, ko da mai yin ba shi da ko sisi. "Hubris" ta fi su nauyi, domin idan Bature ya faɗe ta yana nufin abu biyu a lokaci guda: mutumin ya samu wani ƙarfi ko nasara, sannan nasarar ta rufe masa ido har ya doshi rami bai sani ba.

Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali. Aro suka yi daga Girkanci, kuma aron bai daɗe ba idan aka duba shekarunta. Masu bin tarihin kalmomi sun ce a 1884 aka fara ganinta a rubuce cikin Turanci, alhali Girkawa suna amfani da ita tun fiye da shekara 2,500 da suka wuce. Kuma abin da suke nufi da ita ya bambanta da abin da jaridu suke nufi yau.

A tsohon birnin Atens na ƙasar Girka, hubris laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Ba sai wanda aka yi wa ba, kowane cikakken ɗan gari yana da damar shigar da ƙara, domin sun ɗauka cewa laifin ya shafi gari gaba ɗaya. Dokar ta ba da kariya ga namiji da mace da yaro, har ma da bawa. Hukuncin kuwa yana hannun masu shari'a, zai iya zama tara, zai iya kaiwa ga kisa.

Wace irin aika-aika ce wannan? Akwai wata shari'a da bayaninta ya iso gare mu daga ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda shahararren mai iya magana Dimostinis ya rubuta wa mai ƙara jawabinsa. Wani saurayi mai suna Ariston ya fita yawo da yamma a dandalin kasuwa, sai wani mai suna Konon da ɗansa da abokansu suka far masa. Suka tuɓe masa mayafi, suka kayar da shi cikin taɓo, suka tattaka shi har leɓensa ya fashe, idanunsa suka kumbura. Da Konon ya ga yaron a kwance, sai ya shiga yin cara irin ta zakaran da ya ci faɗa, abokansa suna zuga shi ya kaɗa gwiwar hannu kamar fukafuki. Ariston ƙarar duka ya shigar, wadda ta fi sauƙi, amma ya nuna wa kotu cewa wannan carar ita ce shaidar hubris. Dukan ya ji wa jiki ciwo, carar kuma ta nuna abin da ke zuciyar mai dukan: daɗin ganin ɗan Adam a wulaƙance.

Masanin falsafa Aristotil ya yi bayanin da ya dace da wannan. A wajensa hubris shi ne ka yi wa mutum abin da zai kunyata shi, ba don ramuwa ba, ba don wata riba ba, sai don ka ji daɗin cewa ka fi shi. Ya kuma ce masu dukiya da samari ne suka fi faɗawa ciki. Ɗaya yana taƙama da ƙarfin aljihu, ɗaya da ƙarfin damtse. Ke nan tun daga tushe kalmar tana buƙatar mutum biyu: mai ƙarfi, da wanda aka gwada wa ƙarfin.

To yaya aka yi ta koma girman kan da ke kai mutum ƙasa? Girkawa suna da labarai masu yawa na manyan da suka ƙetare iyaka suka gamu da gamonsu, kuma mafi shahara shi ne na Zaksis, sarkin Farisa. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya tashi da runduna mai yawan gaske don ya ci ƙasar Girka. Masanin tarihi Hirodotus ya ruwaito cewa baffansa Artabanus ya ba shi shawarar kada ya tafi, bai ji ba. Ya sa aka yi gada a kan mashigin ruwan da ya raba Asiya da Turai, wanda yake cikin ƙasar Turkiyya a yau. Guguwa ta zo ta wargaza gadar. Sai sarki ya ba da umarni a yi wa teku bulala 300, a jefa masa mari, a kuma fille kan waɗanda suka gina gadar. A wannan shekarar aka ragargaza jiragen yaƙinsa a Salamis. Mutumin da ya kai ga dukan teku da bulala ya manta cewa shi mutum ne.

Wannan ɓangaren labarin Turanci ya riƙe, ya saki na farko. Shi ya sa za ka ga kalmar tana yawan tafiya da wata 'yar uwarta, "nemesis", wadda asalinta sunan abar bautar Girkawa ce da suke jingina wa sakayya, a yau kuma tana nufin faɗuwar da mutum ya jawo wa kansa. Masanin tarihi ɗan Birtaniya Ian Kershaw ya rubuta tarihin Hitila a littafi biyu: na farko, wanda ya fito a 1998, ya sa masa suna "Hubris" kuma ya tsaya a 1936, lokacin da tauraron Hitila yake sama. Na biyu, na shekarar 2000, ya kira shi "Nemesis", ya kai labarin har 1945. Bahaushe ya taƙaita littattafan nan biyu tun da daɗewa: komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Sai mu tambaya, mece ce takwararta a Hausa? Da yawa za su ce girman kai, su wuce. Ina ganin wannan fassarar ta yi faɗi da yawa. Girman kai yana samuwa a wajen mai shi da mara shi, shi ya sa ake cewa girman kai rawanin tsiya. Wanda yake kwana da yunwa amma ya ƙi yin dako don kada a gan shi, girman kai ne ke damunsa, amma Bature ba zai kira wannan hubris ba, don babu wata nasara da ta bugar da shi. Cika baki da fankama a fatar baki suka tsaya. Abin da maƙwabtanmu suke kira "shakara" a Turancin buroka shi ma nuna isa ne kawai, a gan ka a san ka zo. Kalmomin da suka fi kusa su ne ɗagawa, da wuce gona da iri, da kuma wadda ta fi dacewa idan ana maganar shugabanni, giyar mulki. Ma'anar Girkawa ta farko kuwa, sunanta a wajenmu cin mutunci.

Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da wannan bambanci. A hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, an bayyana cewa son tufafi mai kyau da takalmi mai kyau ba shi ne girman kai ba; girman kai shi ne ƙin karɓar gaskiya da kuma raina mutane. Ku duba da kyau: ƙin karɓar gaskiya shi ne ciwon Zaksis da ya toshe kunne daga shawarar baffansa, raina mutane kuma shi ne ciwon Konon mai cara. Ɓangarori biyun da Girkanci da Turanci suka raba a tsakaninsu, a nan an haɗa su wuri guda.

A zamaninmu kalmar ta shiga har fagen bincike. David Owen likita ne, kuma ya riƙe ministan harkokin wajen Birtaniya daga 1977 zuwa 1979, saboda haka ya ga masu mulki a kusa. A 2007 ya fitar da littafi a kan George Bush da Tony Blair da yadda suka shiga yaƙin Iraƙi a 2003, kuma a cikin sunan littafin ma akwai maganar maye da mulki, wato giyar mulkin nan tamu. A 2009 shi da wani likitan ƙwaƙwalwa, Jonathan Davidson, suka duba shugabannin Amurka da firaministocin Birtaniya na shekara 100, suka jera alamomi 14 na wannan hali. Daga ciki akwai raina shawarar wasu, da ɗaukar cewa kai da ƙasa abu ɗaya ne, da ganin cewa ba ka da wanda za ka yi wa bayani a cikin mutane sai tarihi ko Ubangiji, da yin nisa da abin da ke faruwa a zahiri. Ba a sa wannan cikin jerin cututtukan da likitoci suka amince da su a hukumance ba, amma akwai abin ɗauka a cikinsa. A ganinsu ba haihuwar mutum ake yi da halin ba, kujera ce take kawo shi, yana ƙaruwa da daɗewa a kanta, kuma yakan lafa idan aka sauka.

A fagen kasuwanci ma haka. A 1986 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Richard Roll, ya yi amfani da kalmar wajen bayanin dalilin da ya sa shugabannin manyan kamfanoni suke sayen wasu kamfanoni da tsadar da ta wuce kima: sun yarda cewa ƙiyasinsu ya fi na duk kasuwa. Ba sai mun je Amurka ba kafin mu gane wannan. Mutum ya yi sa'ar lodin albasa ko na shanu sau uku a jere, sai ya fara ganin cewa shi ba ya faɗuwa. Ya tattara jarinsa da kuɗin amanar mutane ya zuba a harkar da bai san kanta ba. Yaronsa na shago da ya shekara goma a kasuwa ya ce, "Alhaji, a dai bi a hankali," sai a ce masa yaushe aka haife shi. Wannan shi ne hubris na kasuwa, kuma idan ya fashe ba mai shi kaɗai yake kwasa ba.

Idan mun fahimci haka, za mu ga kurakuran da ake yi da kalmar. Na farko shi ne jifan na ƙasa da ita. Matashi ya tashi a taro cikin ladabi ya nemi a karanta bayanin kuɗi, sai a ce yana da hubris. Mace ta ce za ta tsaya takarar wani muƙami, ko yarinya ta ce likita take son zama, sai a ce kanta ya yi girma. Wane iko ne a hannun waɗannan? Wa suka wulaƙanta? Sau da yawa ma wanda ya yi jifan shi ne kalmar ta fi dacewa da shi, tunda shi ne yake kan kujera kuma shi ne ya ƙi jin tambaya. Idan muka bar kalmar ta zama sandar rufe bakin yara, mun juya ta ta koma kishiyar abin da aka yi ta dominsa. Ku tuna dokar Atens har bawa ta kare.

Na biyu shi ne rikita ta da ƙarfin zuciya ko da tsoro. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa hubris ne ya kashe Okonkwo a littafin Chinua Achebe na 1958, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki: dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi kada ya sa hannu a kisan Ikemefuna, yaron da yake kiransa uba, amma ya sa. Sai dai marubucin ya nuna ƙarara cewa tsoro ne yake tuƙa Okonkwo, tsoron kada a ce shi rago ne kamar mahaifinsa. Ɗalibin da ya iya bambance mai jin ya fi kowa da mai tsoron a raina shi ya fahimci littafin fiye da wanda ya haddace kalma ɗaya. A rayuwa ma haka ne, wani abin da muke gani kamar ɗagawa, idan aka tona, tsoron kunya ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na uku shi ne ajiye kalmar sai bayan mutum ya faɗi. A nan akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Wani zai ce wannan kalma ta masu jiran sakamako ce: wanda ya yi kasada ya ci, a kira shi jarumi, wanda ya yi irin kasadar ya faɗi, a ce hubris. Da Napoliyon na Faransa ya ci Rasha a 1812, ai da yanzu yabonsa ake yi. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa 'yan jarida da yawa haka suke yi. Amma a duba abin da ya faru kafin faɗuwar. Kolankur, wanda ya yi wa Napoliyon jakadanci a Rasha kuma ya san ƙasar, ya gargaɗe shi a kan faɗinta da sanyinta, ya kuma gaya masa cewa sarkin Rasha zai yi ta ja da baya maimakon ya miƙa wuya. Napoliyon ya yi watsi da maganar, ya shiga da sojoji sama da 400,000 a watan Yuni. Ya isa Mosko a Satumba ya tarar mutane sun watse, gari ya kama da wuta. A Oktoba ya juyo, kuma kaɗan ne daga rundunar suka koma gida. Alamar tana nan tun ranar da ya ƙi sauraron wanda ya fi shi sanin hanya. Da ya ci nasara ma, da sa'a ce ta rufa masa asiri, halin yana nan. Saboda haka ana iya gane hubris tun mutum yana tsaye, kuma a lokacin ne faɗarsa take da amfani. Bayan ya faɗi, abin da ya rage dariyar ƙeta ce kawai.

Wannan ya sa nake ba da shawarar mu yi wa kanmu tambayoyi kafin mu ɗora wa wani wannan kalma, ko takwarorinta na Hausa. Shin yana da iko a kan wasu, na kuɗi ko na kujera ko na ƙarfi? Shin an gaya masa gaskiya ya toshe kunne, ba don yana da hujjar da ta fi ba, sai don yana ganin mai maganar bai kai ba? Shin yana jin daɗin muzanta na ƙasa da shi? Idan amsoshin a'a ne, a nemi wata kalmar. Mai yiwuwa mutumin yana da kafiya ne, ko rashin iya magana, ko kuma gaskiya ce ya faɗa ta yi mana ɗaci.

Haka nan a kula da ita a rubuce. Masu rubuta mana takardun koke zuwa ƙaramar hukuma, ko hukumar kasuwa, ko fadar masu sarautar garuruwan da muke zaune, su sani cewa wannan ba kalmar ado ba ce. Idan ka rubuta wa jami'i cewa matakinsa hubris ne, ka gaya masa cewa mulki ya bugar da shi kuma faɗuwarsa na tafe. Wanda ya je neman a buɗe masa rumfa ba ya fara da wannan. A faɗi abin da aka yi, da ranar da aka yi shi, da abin da ake nema, ya fi kowace babbar kalma aiki.

Inda kalmar za ta fi yi mana amfani shi ne a cikin gida. Duk wanda aka ɗora wa wani nauyi a cikinmu, shugaban kasuwa ne, mai unguwa ne, ko mu masu riƙe da muƙaman ƙungiya, yana kan hanyar da wannan ciwo yake bi, domin ba girman kujera yake dubawa ba. Maganinsa kuma sananne ne: wa'adin da ake mutuntawa, lissafin kuɗi da ake karantawa a gaban kowa, da mutum ko da ɗaya ne a kusa da shugaba wanda zai iya ce masa "ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne" kuma ya kwana lafiya. Shugaban da ya wayi gari duk na kusa da shi "haka ne" kawai suke cewa, ya binciki kansa tun kafin a bincike shi. Zaksis yana da baffa mai gaya masa gaskiya, Napoliyon yana da jakada, kuma dukansu sun ji da kunnensu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah Ya raba mu da girman kai, Ya ba mu masu gaya mana gaskiya, Ya kuma ba mu kunnen sauraronsu. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya